Ranar da Inna ta kira sunan ƴar fari a kasuwa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Inna ta riga mu gidan gaskiya da hantsi, tana kishingiɗe a inuwar bedi, wato dogon yaron tsakar gida, ba ta wahalar da kowa ba. Kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta.

Mu dai tabarmi muka shimfiɗa daidai dangi da maƙwabta. Yo me za mu zata? Inna ba matar sarki ba ce, ba ta da ɗa a gwamnati, ko Makka Allah bai nufe ta da zuwa ba. Saƙar tabarma ce sana'arta tun tana budurwa har idonta ya gaji. Amma kafin mu ankara layinmu ya cika ya batse. Direbobin tasha suka zo a ƙungiya, ƴan kabu-kabu suka jera baburansu har bakin masallaci, matan kasuwa suka rufe rumfuna suka taho. Washegari sai ga wani dattijo daga Damagaram, tsohon komandan jandarma, ya zauna a ƙasa cikin maza ya ƙi kujerar da aka kawo masa. An ce da aka shafa fatiha ya daɗe bai sauke hannu daga fuskarsa ba. Bayansa Fulani suka iso daga wajen Alakos da nono da tunkiya, matansu suka shigo cikin gida suna kuka tun daga zaure.

Tsohuwa mai ƙosai ta bakin layinmu ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Ni fa a duniya ba wadda ta zage ni kamar matar nan. Kullum ƙosaina ya yi ƙanana, kullum mai ya yi yawa. To yanzu wa zai zage ni?" Ta fashe da kuka, mu kuma dariya ta kufce mana muna share hawaye.

Ana cikin haka amaryar da aka kawo maƙwabtanmu daga Kelle ta ja ni gefe ta ce, "Tanti, don Allah wai tsohuwar nan wace ce? Na ga har da jandarma." Tambayar ta tsaya mini a rai. In wadda ke katanga ɗaya da mu ba ta sani ba, ina ga jikokinmu? Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni ce autar Inna, kuma duk Gure an san bakina ba ya shiru, sai ku yi haƙuri da ni.

Inna ƴar siririya ce, baƙa, mai saurin tafiya. Haƙoranta sun zube amma goro bai bar ta ba, gogawa take a magogi ta watsa a baki. Ba ta iya yabo ba. In ka yi mata abin kirki iyakarta ta ce, "To, ga shi nan dai," sai da yamma ka ga an shigo maka da kwanon dambu. In ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa, harshen uwarta, in ta huce ta dawo Hausa. Mu yara da harshen muke gane ko za mu shiga ɗaki ko mu tsaya a zaure. Ta taɓa yin wata guda ba ta gaisa da maƙwabciyarmu ba saboda akuyarta ta cinye mata rinanniyar kaba. Da akuyar ta zo haihuwa ta kasa, wa aka gani durƙushe a turke hannu dumu-dumu? Inna ce. Ta fito da ƴaƴan, ta wanke hannu, ta wuce maƙwabciyar ba ta ce mata uffan ba.

Amma abin da ya tara mutanen nan ba akuya ba ne. Maganar Yaya ce, babbarmu.

Yaya ita ce ƴar farin Inna, kuma Inna ta mutanen da ce wajen kunya. Ana yaye Yaya aka kai ta riƙo gidan Gwaggo, ƙanwar Babanmu, can ta girma, can aka yi mata aure. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. "Ta gidan Gwaggo," haka take ce mata. Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta kallon fuskarta, in an yabi Yaya a gabanta sai ta tashi ta shiga madafa. Ni kuwa har na yi girman da ƙafata ke jan ƙasa ina hawa cinyarta. Ita ma Yaya haka ta karɓi abin. Ta gaji sana'ar Inna, tana sayen kaba a kwari tana kai tabarmi kasuwannin Gidigir da Kelle. Duk tafiya da dawowar da za ta yi sai ta biyo gidanmu, ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta gaishe ta, ta ajiye ɗaurin kaba mafi kyau da goro. Inna ta amsa tana kallon bango, "Lafiya." Shi ke nan hirarsu. Na sha tsokanarsu in ce, "Ku dai kamar masu gaba da juna," sai Inna ta jefo ni da mafici.

Wata bazara, ana wani irin zafi da ko ƙadangare ba ka gani a waje, Yaya ta tafi kasuwar Gidigir ba ta dawo ba. Ranar farko muka ce mota ce ta lalace. Wayarta ba ta shiga, muka ce ai rezo ne, babu sabis a wurin. Aka aika gidan ƙawarta da take sauka, ta ce tun ranar kasuwa suka yi sallama. Mijin Yaya, bawan Allah mai sanyin hali, ya je birgad, wato ofishin jandarma, ya sanar da su.

Komandansu na lokacin, dattijon nan da ya zo mana gaisuwa, da kansa ya fito. Ya je tasha, ya je Gidigir, ya bi rumfunan masu tabarma. Duk inda ya tambaya amsa ɗaya ce, ba wanda ya ga komai. Mace da damin tabarmi a kai, a kasuwar da kowa ya san ta, wai ba wanda ya gan ta! Ba mugunta ba ce, na san mutanenmu. Tsoron shaida ne. Kowa gani yake in ya buɗe baki za a kira shi birgad yau, a kira shi gobe, ƙarshe a ce shi ne na ƙarshen ganinta.

Sai kuma gulma ta tashi. A lokacin mata da yawa na bin motocin arewa su haye Sahara neman abin rufin asiri, wasu ba sa ko sallamar mazansu. Wata ta ce ai an ga mai kama da Yaya a motar Agadas. Kafin kasuwa ta sake ci magana ta zama wai da wani ɗan kasuwa ta gudu. Ƴar Yaya budurwa ta daina zuwa famfo saboda habaici. Baba ya riga ya rasu, don haka Kawu, wan Inna, shi ne babba. Ya tara maza a zaure suka yanke cewa duk wanda ya tambaya a ce masa ta yi tafiya. A ganinsu rufin asiri suke yi. Ni dai da na ji, sai da na ji kamar in kurma ihu.

Komanda ya zo gidanmu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida Inna. Ya ce, "Inna, faɗa mini cikakken sunan ƴarki."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza kaba. Can ta ce, "Auta, faɗa masa."

Na faɗa. Bai yi mamaki ba, shi ma yana da uwa. Sannan ya ce, "Inna, zan gaya miki gaskiya. Ba ni da ido a daji, mutane ne idona. Su kuma sun yi shiru, danginta suna cewa tafiya ta yi. In tana wani wuri tana jiran taimako, kullum rana ta faɗi muna ƙara nisa da ita."

Inna ta ci gaba da murza kabarta. Ya tashi ya tafi.

Kwanakin nan na ji haushin Inna, ba zan ɓoye ba. Ni ina kuka har muryata ta dishe, ita tana zaune tana saƙa. Maƙwabta in sun shigo jaje sai su ga uwar ba ta kuka, su ma su haɗiye nasu, su yi hirar tsadar hatsi su fita. Ranar da abin ya ishe ni na ce, "Haba Inna! Wai dutse ne a ƙirjinki?" Ta ce, "Je ki ɗora tukunya." Da na zo naɗe tabarmar da take saƙawa sai na ga duk ta karkace, ja ya shiga gurbin kore. Matar da ko ido rufe ba ta kuskure. Na kuma lura tuwon da nake kai mata kaji ne ke cinyewa a bayan ɗaki.

Ranar kasuwar Gure da safe ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa idi da shi, ta ce, "Auta, ɗauko mayafinki." A zaure muka ci karo da Kawu.

Ya ce, "Ina zuwa haka?"

Ta ce, "Kasuwa, Malam."

"Sayen me?"

"Cigiya zan yi."

Kawu ya miƙe ya tare ƙofa da sandarsa. Ya ce, "Ke! Da girmanki? Ƴar fari ce fa. So kike a ce kin zubar da kunya da tsufanki, ki kuma tona mana asiri a bainar jama'a? In ya tabbata guduwa ta yi, ina za mu sa kanmu?"

Ban taɓa jin Inna ta mayar wa Kawu magana ba sai ranar. Ta ce, "Ba ta gudu ba. Ko Kelle za ta je sai ta durƙusa a ƙofata tukuna, balle Sahara. In kuma ta gudu, to a zage ni, ni na haife ta. Ba ni hanya, Malam." Ta kama sandar ta ɗaga ta wuce ta ƙarƙashinta. Na bi bayanta.

A tsakiyar kasuwa akwai mai maganin gargajiya da ke tallar maganin basir da lasifika. Inna ta tsaya gabansa ta miƙa hannu. Mutumin ya zaci magani take so, ya fara kwance ƙulli. Ta ce, "Wancan abin za ka ba ni." Ta riƙe lasifikar a karkace, sai da na gyara mata. Ta yi sallama, muryarta ta fito da ƙara har ita kanta ta ja baya.

Sai ta kira sunan. Sunan yanka, cikakke, haɗe da na Baba.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Matan rumfar tabarma suka rufe baki da mayafi. Mahauci ya tsaya da wuƙa a sama. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "La'ilaha! Ƴar fari?" Duk wanda ya san Inna ya san abin da ta ajiye a wurin nan.

Ta ce, "Ƴata ce. Ita na fara haifa. Ba tafiya ta yi ba, ɓata ta yi. Ta je Gidigir da tabarmi ba ta dawo ba. Kun ga ni na ajiye kunyata a gabanku, ku ma ku ajiye tsoronku. Wanda ya gan ta, ko daga nesa ne, ya je ya faɗa wa jandarma. Ina bakin birgad a zaune. Duk wanda ya shiga, ba zan tashi ba sai na ga fitowarsa."

Ta maimaita da Barbarci. A nan ne muryar ta karye, ta miƙa wa mai maganin abinsa ta juya. Kasuwa ta buɗe mata hanya.

Akwai wata bishiya a gaban birgad, nan ta shimfiɗa tabarma ta ajiye gorar fura. Ba mu daɗe ba wata mai sayar da kanwa ta zo tana waige-waige. Ta ce ta ga Yaya ta shiga motar dawowa, tana riƙe da kai. Inna ta ce, "Shiga ki faɗa, ina nan." Matar ta shiga kamar za a yanka ta. Da ta fito lafiya har tana murmushi, sai Inna ta ba ta fura. Mutanen da suka laɓe daga nesa suna kallo suka fara matsowa. Haka Inna ta riƙa yi kullum, daga safe har rana ta yi sanyi.

Sai ga wani direban tasha ya zo, ƙato da shi. Ya zube gaban Inna ya ce shi ne ya ɗauko Yaya. Wai Yaya ta ce ya sauke ta a mararrabar wani kwari za ta sayi kaba, ta shigo motar baya. Ta yi masa kukan ciwon kai, ya ce ta haƙura da kabar, ta ƙi. Da ya ji ana nemanta sai tsoro ya kama shi ya yi gum.

Labari ya bazu nan da nan. Kafin ya fito daga wurin komanda, ƙannen mijin Yaya da samarin unguwa sun taru da sanduna. Ni kaina, Allah ya sani, da an ba ni sanda da na karɓa. Yana fitowa suka yi kansa. Inna ta miƙe ta shiga tsakani, ita da ba ta kai kafaɗarsa ba.

Ta ce, "Wanda ya taɓa shi ya rufe bakin na bayansa. Kuna so mai sauran maganar ya gani ya koma gida? Ku da kuka zo da sanda, me kuka kawo mini? Shi ya kawo mini mararraba." Ta juya ta miƙa masa ludayi. "Sha, ɗana." Mutumin ya riƙe ludayin yana kuka, furar na zuba a rigarsa.

Daga ranar Gure ta tashi tsaye. Ƴan kabu-kabu suka bar aiki suka bazu kwari-kwari suna tambaya, kowa da man babur ɗinsa. Mata suka riƙa tura saƙon murya a waya, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Maƙwabciyar nan mai akuya ta kafa tukwane a ƙofar gidanmu tana dafa wa masu nema. Malaman lakwal, makarantar boko, suka ce wa ɗalibai kowa ya tambaya a gidansu. Waɗanda suka yi gulmar motar Agadas su ne kan gaba wajen kawo ruwa, ni kuwa na kalle su na yi shiru, abin da ba halina ba. Ranar Juma'a bayan an sallame, Kawu ya miƙe a masallaci da sandarsa ya ce, "Jama'a, da na ce muku ƴata ta yi tafiya, ba haka ba ne. Ku taimake mu." Da ya dawo gida bai ce wa Inna komai ba, ita ma ba ta ce masa ba. Ta dai aika masa da dambu.

Masu kwari suka ce Yaya ba ta iso wurinsu ba. Ke nan tsakanin mararraba da kwari abin ya faru, cikin tuddan rairayi. Aka bi wurin aka sake bi, ba ita ba alamarta. Nan na fara tunanin gawa.

Ashe maganar tana kasuwar dabbobi tun tuni. Wani dillalin shanu da ya dawo daga tafiya ya tarar da garin yana maganar Inna, ya dafe kai ya taho birgad a guje. Ya ce kwanakin baya wani Bafulatani ya kawo bijimi, ya tambaye shi ko an yi cigiyar wata mace a Gure. Sun tsinci wata a hanya a kwance, ba ta magana, sun tafi da ita. Dillalin ya tambayi wani cikin danginmu a lokacin, aka ce masa ai tamu tafiya ta yi. Shi kuwa ya ce wa Bafulatanin ba a yi cigiyar kowa ba. Kun ji fa. Saƙo ya zo har ƙofarmu, rufin asirinmu ya mayar da shi.

Komanda ya fito da motarsu, direban nan ya ce tasa ma sai ta je. Aka ce Inna ta zauna a gida hanya ba kyau. Sai ta riga kowa shiga. Muka nufi wajen Alakos, muna tambaya rijiya bayan rijiya, don Fulanin sun yi gaba da dabbobinsu. Mota ta kafe a rairayi muka fita muka tura, har komanda. Inna tana ciki tana jan carbi.

Da rana ta karkata muka hango rugar. Wata tsohuwar Bafulatana ta tare mu, ta nuna wata ƴar rumfa. Yaya ce kwance a kan fata. Ta rame, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Amma an yi mata kitso, zanenta wankakke ne. Na yi ihu na faɗa kanta. Ta gane ni, tana so ta ce Auta, harshen ya ƙi. Mijinta ya durƙusa yana ta hamdala.

Suka ba mu labari. A gefen turba suka same ta, rana ta kusa gama da ita. Sun tambaya a ƴan bukkokin kusa ba wanda ya san ta, dabbobi kuma ba sa jira. Tsohuwar ta ce ba za ta bar ƴar mutane ga ungulu ba, ta ɗora ta a jaki. Da ludayi ta riƙa ɗura mata madara.

Kowa ya juya yana kallon Inna. Ni na ɗauka yau kam za ta rungume ta. Ina! Wurin tsohuwar ta nufa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwa, ta tambayi gajiya. Sannan ta je bakin rumfar ta zauna ta ba Yaya baya. Ta ce wa tsohuwar, "Tana cin abinci?" Aka ce tana ci. Ta ce, "To, ga shi nan dai." Ni da nake kusa na ga hannunta ya zagaya ta baya yana lalube, har ya sami ƙafar Yaya. Ta riƙe ta gam. Ba ta saki ba sai da aka zo ɗaukar Yaya zuwa mota.

Likita a Damagaram ya ce hawan jini ne ya buge ta. Ta yi jinya mai tsawo. Magana ta dawo a hankali, da nauyi, ƙafar kuma har yau tana ja. Ta koyi saƙa da hagu tana danne kabar da yatsun ƙafa, kuma ku zo ku gani, tabarmarta ta fi tawa. Ƴarta ta yi aure, direban nan ne ya kai kayan ɗaki bai karɓi ko sisi ba. Fulanin kuwa sun zama dangi, duk kaka sai sun sauka gidanmu, Inna ta saƙa wa tsohuwar tabarma mafi kyau a shekarar.

Wani abu ya canza a garin nan, kuma ina alfahari da shi. Bayan shekaru wata mata mai taɓin hankali ta fita daga gidansu ba a gan ta ba. Ba a yi taron zaure ba, ba a ce ta yi tafiya ba. Ƙannenta suka nufi birgad, mijinta ya nufi mai lasifika, ƴan kabu-kabu suka tada babura. Kafin rana ta faɗi an same ta a gindin wata goriba tana hutawa. Yanzu in an kira mutum shaida, sai ka ga tsofaffin unguwarsu sun raka shi sun zauna a gindin bishiyar nan har ya fito. Yaran yanzu sun ɗauka haka aka saba tun asali.

Inna kuwa tana dawowa gida ta koma gidan jiya. "Ta gidan Gwaggo" ta ci gaba, kallon bango ya ci gaba. In na tsokane ta na ce, "Inna, ai duk kasuwa ta ji ki," sai ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki," ta nemi abin jifa. Ba wanda ya taɓa zaunar da Yaya ya ba ta labarin ranar, don a wurinmu ba maganar da ake yi wa ƴar fari a fuska ba ce. Ta dai tsinci ƙarshen zance a bakin yara. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba. A ciwon ƙarshe na Inna, Yaya ce ke ba ta koko da hannun hagu, Inna na karɓa ido a rufe.

Ranar sadakar arba'in, bayan maza sun watse, mata sun cika ɗakin Inna ana raba gumba. Yaya na zaune a lungu. Sai ta taɓa ni ta ce, da harshenta mai nauyi, "Auta, da gaske ne? Sunana ta faɗa?"

Matan ɗakin suka juyo suna kallonmu. Ni mai baki, ranar sai aka riga ni. Matar mahauci ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Da gaske ne, ni na ji da kunnena." Wata ta ce, "Ni ma ina wurin." Wata ta ce tana auna gero kwanon ya faɗi daga hannunta. Haka suka riƙa amsawa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ban san sun je kasuwa ranar ba.

Yaya ta murza bakin zaninta. Can ta ce, "Ta iya faɗinsa kuwa?"

Matar mahauci ta ce, "Ko gargada babu, ƴar nan. Bakin Inna ya daɗe yana faɗinsa inda ba mai ji."

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri, muka bar ta ta yi kukanta. Allah ya ji ƙan Inna, ya yalwata mata makwanci, ya kira ta da sunanta cikin bayinsa na gari.